Tarihin Kuɗin Tagulla na Tsoffin Yunanawa da Masu Tara Shi

Al'adar marubuta tarihi ce tun da daɗewa, idan suka zo bayanin dukiyar wata al'umma da ta shuɗe, su fara da zinariya su ƙare da azurfa, domin su ake tarawa a baitulmalin sarakuna, da su ake biyan mayaƙa, da su kuma ake fansar birni idan abokan gaba sun yi masa zobe. Amma kuɗin da mace take ƙullewa ta tafi kasuwa sayen albasa da man fitila, wanda ɗan dako yake karɓa da la'asar bayan ya sauke kaya daga jirgi, shi kam ba safai ake tsayawa a kansa ba, alhali hannuwan da ya ratsa sun fi na zinariya yawa nesa ba kusa ba. A ƙasar Yunana, wadda a yau muke kira Girka, da sauran garuruwan da mutanenta suka kafa a gaɓar Bahar Rum da Bahar Aswad, wannan kuɗin talaka na tagulla ne, kuma an yi fiye da shekara ɗari bakwai ana buga shi ana kashewa. Shekarun da za a ambata a nan duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salamu, sai inda aka ce Miladiyya, kuma mai karatu ya riƙa tunawa lissafin wancan zamani da baya yake tafiya, wato shekara ta 400 ta riga ta 300.

Galibin masana sun tafi a kan cewa a ƙasar Lidiya, can yammacin Turkiyya ta yau, aka fara yanka ƙarfe mai daraja bisa awo ɗaya ana buga masa hatimi, wajen ƙarshen ƙarni na bakwai. Yunanawa maƙwabtansu ne, ba su yi jinkirin ɗaukar wannan hikima ba, sai dai su azurfa suka zaɓa, kowane birni da alamarsa: tsibirin Ejina da kunkuru, Korinti da doki mai fukafukai, Atina kuwa da mujiya. Ma'aunin Atina shi ne darakma, wadda sunanta ya iso gare mu ta Larabci ya zama dirhami. Nauyinta giram huɗu da 'yan kai, sudusinta kuma shi ake kira obol. Lissafin ginin wani ɗakin bauta a kan tudun Akrofolis, wanda aka sassaƙa a dutse tsakanin 409 da 407, ya nuna darakma ɗaya ce ladan magini a yini, ɗa ne ko bawa, wanda kuma aka zaɓa ya zauna shari'a obol uku ake ba shi.

To, a nan mushkila ta taso. Mutumin da ladan yininsa ƙwayar azurfa ɗaya ce, da me zai sayi ɗan gishiri ko damin ganye? Dabarar da mahukunta suka fara yi ita ce su yi ta ƙanƙanta azurfar, daga rabin obol zuwa rubu'insa har tumuninsa, wanda nauyinsa bai cika ushirin giram ba, abin da in ya faɗi a cikin ƙurar kasuwa sai dai mai shi ya yi haƙuri. Tufafin Yunanawa kuwa na yafawa ne, ba su da aljihu, saboda haka talakan Atina a bakinsa yake zuba canjinsa ya adana shi a kunci. Aristofanis, mai tsara wasannin kwaikwayo na ban dariya, ya kawo a wasansa mai suna Rina, a shekara ta 422, labarin wani tsoho da aka ba su darakma ɗaya su raba, shi da abokin zaman shari'arsa. Suka je kasuwar kifi neman canji, abokin ya damƙa masa ɓawon kifi guda uku, tsohon ya jefa a baka bai duba ba, yana zaton obol ne, sai da ƙarni ya buge shi sannan ya tofar. 'Yan kallo ba za su yi dariya ba da ba su san abin a rayuwarsu ta kullum ba.

Maganin wannan wahala daga yamma ya ɓullo, daga garuruwan da Yunanawa suka kafa a kudancin Italiya da tsibirin Siƙiliyya. Mutanen da suka tarar a tsibirin sun daɗe suna ciniki da guntayen tagulla, suna auna ta da wani ma'auni mai suna litira, wadda ake kasawa goma sha biyu, kuma sa'ad da baƙi da 'yan ƙasa suka haɗu a kasuwa ɗaya, sai hikimar hatimi ta gamu da al'adar tagulla. Wajen tsakiyar ƙarni na biyar, birnin Akaragas, wanda yau ake kira Agirijento, ya fitar da wasu kuɗaɗe na zubi masu siffar haƙori, gaggafa a gefe ɗaya, ƙaguwa a ɗaya gefen, a gindinsu kuma ga ɗige-ɗige da ke nuna kimarsu, ta yadda wanda bai yi karatu ba zai ƙirga da ido ko ya shafa da yatsa. Selinus da Himera da Sirakusa duk suka shiga sahu, kuma ba da daɗewa ba aka bar zubi aka koma bugu da hatimi irin na azurfa: ɗigo shida rabin litira ke nan, uku rubu'inta. Wanda ya karanta Rihlar Ibn Baɗuɗa ba zai yi mamaki ba, domin a 1353 Miladiyya ya ga mutanen Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, suna zuba jan ƙarfe 'yan sanduna, sirara na sayen nama da itace, kaurara na sayen gero da man shanu, ba tare da wani ya koya musu daga Yunana ba. A can arewa ma, a bakin Bahar Aswad, mutanen Olbiya da maƙwabtansu sun bi nasu tafarkin, suna zuba tagulla da siffar kan kibiya, daga baya kuma da siffar kifin dalfin.

Wajibi ne a fahimci bambancin wannan sabon kuɗi da na azurfa, domin a kansa dukkan labarin ya ginu. Darajar azurfa a jikinta take. Ɗan kasuwar Atina zai kai mujiyarsa Masar ko Farisa a ɗora ta a sikeli a karɓa, ko an san birninsa ko ba a sani ba. Tagulla kuwa, ƙarfen da ke cikinta bai kai kimar da aka ɗora mata ba, kuma shaidar haka tana nan a kuɗaɗen Siƙiliyya, inda ake ganin ɗigo shida yana nan yadda yake alhali nauyin ƙwayar yana ta raguwa daga bugu zuwa bugu. Abin da ya riƙe ta shi ne alkawarin hukuma cewa za ta karɓa, da yardar jama'a cewa maƙwabci ma zai karɓa, wato amana tsantsa. Da zarar ta ƙetare iyakar garin da ya buga ta, amanar ta raunana. Har bayan da rundunar Kartaja ta rusa Selinus da Himera a 409, ta ci Akaragas a 406, an ci gaba da kashe tsoffin kuɗin Akaragas da suka suɗe, amma sai da aka sake buga musu wani ɗan ƙaramin hatimi a kai, alamar cewa akwai wata hukuma da ta sake ɗaukar lamuninsu.

Mutanen Atina sun daɗe suna ƙyamar wannan al'amari, domin suna da ma'adinan azurfa a Lauriyon, suna kuma alfahari da cewa kuɗinsu ba shi da algus. An ruwaito cewa wani mawaƙi kuma mai huɗuba a cikinsu, Diyonisiyus, ya ba su shawarar su yi kuɗin tagulla, sai suka laƙaba masa suna Tagulla, laƙabin da ya bi shi har cikin littattafai. Amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Yaƙinsu da Isbarta, wanda ya fara a 431, ya yi tsanani. A 413 rundunarsu ta halaka a Siƙiliyya, Isbartawa suka kafa sansani a Dekeliya cikin ƙasarsu, bayi fiye da dubu ashirin suka gudu kamar yadda Tusididis ya rubuta, aikin ma'adinai ya durƙushe. Da baitulmali ya yi ƙaf, suka narke gumakan zinariya na alamar nasara suka buga kuɗi da su wajen 407, a shekara mai biye kuma suka yi abin da ba su taɓa zato ba, suka buga tagulla suka lulluɓe ta da fatar azurfa. A 1902 Miladiyya an tono tarin irin waɗannan kuɗi a Firiyus, tashar jiragen ruwan Atina, wanda ya gaskata ruwayar. Aristofanis a wasansa Kwaɗi, a 405, ya kwatanta shugabannin zamaninsa da wannan mugun kuɗi na jiya-jiya, mutanen kirki kuma da tsohuwar azurfa da aka yi watsi da ita.

Aristofanis ya sake komawa kan maganar wajen 392, a wasan Mata a Majalisa, inda wani talaka yake ba da labarin abin da ya same shi: ya sayar da inabinsa, ya cika kunci da tagulla, ya nufi kasuwa sayen garin sha'ir, yana buɗe bakin buhunsa ke nan sai mai shela ya ɗaga murya cewa daga yau kada kowa ya ƙara karɓar tagulla, an koma azurfa. A ganina babu wani nassi da ya fi wannan bayyana haƙiƙanin kuɗin amana, domin wahalar shekara guda ta gona ta zama banza a bakin mai ita tsakanin buɗe buhu da rufe shi, kuma ba ɓarawo ne ya yi masa haka ba, hukumar garinsa ce. Ƙyamar da Atinawa suka yi wa tagulla, saboda haka, tana da hujja.

Duk da haka buƙata ta rinjayi tsoro. Wani littafi na tattalin arziki da ake jingina wa Arisɗo, ko da yake masana sun fi karkata ga cewa ɗaya daga cikin almajiransa ne ya rubuta shi, ya kawo ƙissar Timotiyus, sarkin yaƙin Atina, wanda azurfa ta yanke masa sa'ad da yake yaƙi da birnin Olintus wajen 363. Ya buga tagulla ya raba wa mayaƙa, suka yi gunaguni, sai ya tara fatake da 'yan kasuwa ya yi musu alkawarin cewa da wannan tagulla za su sayi ganima da amfanin ƙasa, abin da ya rage a hannunsu kuma zai canza musu da azurfa. Ciniki ya gudana. A 1967 Miladiyya wasu malamai biyu na Ingila, Robinson da Price, suka gane waɗannan kuɗi a cikin abin da aka tono a Olintus. Wajen tsakiyar ƙarni na huɗu Atina kanta ta sallama, ta fara da kuɗin da ke ɗauke da alamun bikin Elusis, ɗan alade a bayansu, wanda ake ganin don sauƙaƙa wa taron maziyarta ciniki aka yi su. Ƙaramar ƙwayar ana kiranta kalkus, tumunin obol ce, arba'in da takwas ke yin darakma.

Yadda ake yin su ma an san shi, domin masu tono na Amurka, waɗanda suka fara aiki a tsohuwar kasuwar Atina a 1931 Miladiyya, sun gano gidan bugun kuɗi a kusurwarta ta kudu maso gabas, da gurabun murhu da kwatamniyar ruwa, da sandunan tagulla da guntayen da aka datsa daga jikinsu ba a kai ga buga su ba. Jan ƙarfe ake narkawa da ɗan kuza, daga baya kuma aka riƙa ƙara dalma saboda araha. Hatimin fuska a kafe yake cikin uwar maƙera. Maƙeri ya ɗauko gunduwar da awartaki ya ɗora a kai, ya aza hatimin baya, ya sauke masaɓa sau ɗaya ko biyu, ya ture ya ɗauko wata. Gaggawar aikin tana nan a jikin kuɗin har yau: wani hoton ya goce gefe, wani bakinsa ya tsage, wani kuma a kan tsohon kuɗin wani gari aka buga shi, ana hango hoton farko ta ƙarƙashin na biyu.

Mene ne ya sa ɗaruruwan garuruwa, har da ƙananan da ba su taɓa buga azurfa ba, suka rungumi tagulla? Duwatsu biyu masu rubutu sun ba da amsa. Na farko daga Gortina yake, a tsibirin Karita, a ƙarni na uku, inda majalisar gari ta zartar cewa dole a yi ciniki da tagullar da gari ya fitar, kada a karɓi obol na azurfa, wanda kuwa ya ƙi tagulla ko ya nemi a biya shi da hatsi za a ci shi tarar azurfa sitata biyar. Doka mai tsanani irin wannan ba a yin ta sai inda mutane suke noƙewa. Na biyu daga Sestos yake, a mashigin Dardanil, bayan shekara ta 133, kuma yabo ne ga wani dattijon gari mai suna Menas wanda aka ɗora wa kula da bugun kuɗi. A ciki an faɗi dalilai biyu ba tare da ɓoye-ɓoye ba: domin alamar garin ta zama ita ke yawo a hannun mutane, kuma domin jama'a su ci ribar da ke fitowa daga wannan hanya. Girman gari da ribar baitulmali, su ne suka haɗu, kuma ribar ita ce ratar da ke tsakanin kuɗin ƙarfen da kimar da aka sa masa.

Inda riba take kuwa, nan kwaɗayin masu mulki yake, kuma Masar ce ta fi nuna haka. Bayan rasuwar Iskandar na Makidoniya a 323, ƙasar ta faɗa hannun zuriyar Baɗlamusa, waɗanda suka rufe ta da kuɗinsu kaɗai, baƙo in ya zo sai ya canza nasa. Tun daga zamanin Baɗlamusa na Biyu, wajen 260, suka shiga fitar da tagulla mafi girma da Yunanawa suka taɓa bugawa da hatimi, wadda babbarta ta kai giram casa'in, faɗinta ya haura milimita arba'in da biyar, kan gunkinsu mai ƙahon rago a gaba, gaggafa a baya, da ɗan rami a tsakiyar kowace fuska wanda ya samo asali daga yadda ake gyara gunduwar kafin bugu. Manomin Masar da ita yake biyan harajin gishiri a rubuta masa shaida a kan katanga ta fasasshen tulu. Amma in harajin na azurfa ne ya kawo tagulla, sai an ɗora masa ƙarin kimanin ushiri, wato hukuma tana ba da kuɗinta a kima ɗaya tana karɓarsa a wata. A ƙarni na biyu darajar tagullar ta zube, har ya zama sai an lissafa darakmar tagulla ɗaruruwa kafin a sami ta azurfa ɗaya. Sarauniyarsu ta ƙarshe, Kiliyobatra, wadda ta mutu a shekara ta 30, ta sa an rubuta kimar a jikin kuɗin da haruffa, tamanin da arba'in, kuma waɗannan tagulla suna cikin 'yan shaidu kaɗan tabbatattu na kamannin fuskarta.

Mulkin Rum bai kashe wannan al'ada ba, hasali ma a ƙarƙashinsa ta yi yaɗon da ba ta taɓa yi ba. Zinariya da galibin azurfa sun koma hannun Kaisar, amma an bar wa garuruwa tagullarsu, fiye da gari ɗari biyar suka buga, kan Kaisar a gaba, abin alfaharin garin a baya. Mutanen Elis, a zamanin Hadiriyan, sun sa hoton babban gunkin Olimfiya da Fidiyas ya sassaƙa, wanda ya salwanta tuntuni. Iskandariyya ta sa hasumiyarta mai haska wa jirage hanya, wadda girgizar ƙasa ta rusa, Sarki Ƙaitabai ya gina ganuwa a gurbinta. Mafi ban mamaki shi ne na Afamiya, a ƙasar Firijiya, a ƙarni na uku na Miladiyya: akwati yana yawo a kan ruwa, namiji da mace a ciki, tsuntsu ya taho da reshe, ga su kuma a gefe sun sauka a tudu sun ɗaga hannu, a jikin akwatin an rubuta sunan Annabi Nuhu, alaihis salamu, da haruffan Yunananci, a garin da hukumarsa take bautar gumaka. Lalacewar kuɗin daular Rum ce ta kawo ƙarshen abin, domin da azurfar Kaisar kanta ta koma kusan tagulla, ribar garuruwa ta ƙare. Na ƙarshensu sun daina wajen 276 Miladiyya, Iskandariyya kuma bayan shekara ashirin.

Tara tsoffin kuɗi don sha'awa da neman ilimi ya farfaɗo ne a Italiya. Petrarka, mawaƙin da ya rasu a 1374 Miladiyya (shekarun da suka rage duk na Miladiyya ne, sai inda aka ce kafin Miladiyya), ya kan sayi abin da manoman inabi suka tono a Rum, har ya kai wa Sarki Sharl na Huɗu kyautar wasu a 1354. Sai dai hankalin sarakuna da attajiran da suka biyo baya a kan fuskokin Kaisarori yake, da manyan azurfofin Sirakusa masu ƙayatarwa. Ƙananan tagullar Yunanawa, baƙaƙe, masu sunayen garuruwan da ba wanda ya sani, a ƙasan akwati suke ƙarewa. Wasu marubutan ƙarni na goma sha shida, irin su Goltzius, har zana kuɗin da ba a taɓa bugawa ba suka yi don cike giɓi. Gyara ya fara daga Joseph Pellerin, ma'aikacin rundunar ruwan Faransa, wanda ya tara fiye da dubu talatin ya jera su ƙasa-ƙasa, Sarkin Faransa ya saye su a 1776. Ya kammala a hannun Joseph Eckhel, malamin kirista mai kula da taskar kuɗin sarki a Biyana, wanda ya wallafa mujalladi takwas tsakanin 1792 da 1798, ya tace sahihi daga ƙirƙirarre, ya kafa tsarin da ake bi har yau, a fara daga Andalus a kewaya Bahar Rum a ƙare a arewacin Afirka. Da aka koma jera kuɗi bisa garuruwa, sai ƙaramar tagulla ta sami daraja, domin sau da yawa ita kaɗai ce shaidar cewa wani gari ya taɓa wanzuwa da hukumarsa.

A ƙarni na goma sha tara fa'idarta ta bayyana ƙarara. Charles Masson, wanda ya gudu daga aikin soja a Indiya, ya tara kuɗi dubun dubata, galibinsu tagulla, a filin Bagram na Afganistan tsakanin 1833 da 1838. Kuma da yake sarakunan Yunanawa na wancan yanki suna rubuta sunansu da Yunananci a fuska ɗaya, da rubutun 'yan ƙasa a ɗaya fuskar, James Prinsep da abokan bincikensa sun yi amfani da su wajen warware rubutun Karoshti da aka manta da karatunsa ƙarnuka da yawa. A Suwizalan, Friedrich Imhoof-Blumer ya bar kasuwancin gidansu ya duƙufa a kan wannan fanni, ya nuna a 1878 cewa in aka gwada ƙwaya da ƙwaya za a gane waɗanda hatimi ɗaya ya buga, daga nan a san wadda ta riga wata. Taskarsa ta kimanin dubu ashirin da biyu ta koma Balin a 1900. Gidan tarihin Birtaniya ya fitar da kundinsa mujalladi 29 tsakanin 1873 da 1927. Da yake sunayen mafi yawan ƙananan kuɗin nan sun ɓace, masu tarawa har yau haruffa biyu suke rubutawa, AE, alamar tagulla, su bi su da faɗin ƙwayar a milimita.

Masu tono kuma sun gano wani abu da ya ƙara mata ƙima. Azurfa da zinariya ɓoye su ake yi a tukunya lokacin tsoro, saboda haka labarin yaƙi da gudun hijira suke bayarwa. Tagulla kuwa faɗuwa take yi ɗaya-ɗaya daga hannun mai ciniki, ba ya ko wahalar durƙusawa nemanta sosai, sai ta zauna daidai inda aka kashe ta. A kundin da John Kroll ya wallafa a 1993 akwai kuɗin Yunanawa fiye da dubu goma sha shida daga kasuwar Atina kaɗai, kusan dukkansu tagulla, kuma baƙin da ke cikinsu suna nuna daga waɗanne garuruwa matafiya suke zuwa. Olintus kuwa, da yake Filibus mahaifin Iskandar ya rusa ta a 348 kafin Miladiyya, duk ƙwayar da aka samu a ƙarƙashin ɓaraguzan gidajenta an san ta girmi wannan shekara.

Har yanzu tagulla ita ce rabon mai tarawa mai ƙaramin ƙarfi, kuma a cikinsu an sami waɗanda suka yi wa ilimi hidima ta gaske, kamar Henry Lindgren, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda aka wallafa taskarsa mujalladi uku tsakanin 1985 da 1993. Abin da gwani yake fara dubawa shi ne fatar da ƙasa ta yi wa ƙwayar cikin shekara dubu biyu, kore ko baƙa ko ruwan ƙasa, mai santsi da sheƙi. Ita ce garkuwarta, wanda ya kankare ta don ya ga jan ƙarfe yana walƙiya ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Akwai kuma wata cuta da gishirin ƙasa ke haddasawa in ya gamu da laima, wadda take fitowa kamar koren gari mai haske tana cin ƙarfen har ta huda shi, maganinta a jiƙa a tataccen ruwa a cire gishirin, a busar sarai, a adana a inda babu danshi. Mashahuran masu jabu sun fi bin zinariya da azurfa. Ha'incin da ya addabi tagulla shi ne gyaran hannu, a ɗauki suɗaɗɗiyar ƙwaya a sake sassaƙa gashi da haruffa da tsinin ƙarfe, a cike ramuka, a shafa launi, a kai gwanjo a ce haka ta fito.

Amma babbar musiba ta zamaninmu ta wuce wannan. Tun da na'urar gano ƙarfe a ƙasa ta yi araha, musamman bayan 1990 a ƙasashen Balkan, da kuma inda yaƙi ya raunana hukuma, ana bin kufai da dare ana farke shi, a kwashe kuɗi buhu-buhu a sayar ta intanet da ƙasarsu a jiki, ba wanda ya rubuta inda aka same su. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta haramta fataucin kayan tarihi na sata, Girka ta sabunta dokarta a 2002, Amurka kuma ta taƙaita shigo da wasu tsoffin kuɗin Kubrus a 2007, na Italiya da Girka a 2011. Masu tarawa suna kawo hujja cewa kuɗin nan miliyoyi aka buga, gidajen tarihi ba za su iya ɗaukarsu duka ba, kuma ilimin kansa a hannun masu tarawa ya girma. Suna nuni da Ingila, inda tun 1997 aka buɗe hanyar da mai tsintuwa zai kai a rubuta abin da ya samu da wurin da ya same shi. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma tarihin da muka bi ya tabbatar da rabinta.

Sauran rabin kuwa ya saɓa musu, domin tagulla, saɓanin zinariya, mafi yawan fa'idarta a wurin da ta faɗi take. Malamanmu na hadisi ba su karɓar matani, komai kyawun lafazinsa, sai sun san isnadinsa, wa ya ji daga wa; ƙwayar da aka fizge daga kufai ba tare da an rubuta gari da ɗaki da zurfin da ta kwanta ba, matani ce da aka yanke wa isnadi, za a iya sha'awarta amma ba za a kafa hujja da ita ba. Saboda haka duk wanda Allah ya sa wa son wannan fanni, in dillali ya miƙo masa ƙwaya, ya tambaye shi daga taskar wa ta fito da shekarar da ta bar ƙasarta, ya adana 'yar takardar da ta zo da ita kamar yadda yake adana ita kanta ƙwayar, ya kuma bar masu bincike su gani su rubuta. In dillalin ya kasa ba da amsa, ya bar masa kayansa.